Malamin Firamare: Kafin a Tambaye Shi Sakamako

Sharhinmu na yau zai dubi abin da ke sa ma'aikaci ya zage damtse a bakin aikinsa, da abin da ke sa gwiwarsa ta yi sanyi. Za mu ɗauki malamin makarantar firamare a Najeriya, domin shi ne ma'aikacin da kowa ke nuna wa yatsa duk lokacin da yaro ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba.

An ce malamai ba sa zuwa aiki a kan lokaci, an ce idan sun zo ma a gindin bishiya suke zama, an ce wasu ba su san abin da suke koyarwa ba. Akwai gaskiya a cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Sai dai ba a cika tambayar halin da aka bar malamin a ciki ba kafin a nemi ya yi abin a-zo-a-gani.

Mu fara da albashi. A shekarar 2011 mafi ƙarancin albashi ya zama naira 18,000, a 2019 ya koma 30,000, sannan a watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar naira 70,000, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota da na abinci. Amma sa hannu a Abuja daban, kuɗi ya shiga asusun malami daban. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe da ƙarin ke isa gare shi. A babban birnin tarayya kansa, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yulin 2025, a kan wannan sabon albashi da bashin da suke bi. Idan haka ta faru a ƙofar fadar gwamnati, sai a auna halin malamin da ke ƙauye mai nisa da hedikwatar ƙaramar hukumarsa. Mutumin da ya kwana yana lissafin bashin mai shago da kuɗin haya, da safe jikinsa ne kawai zai shiga aji. Da an tashi kuma zai hau acaɓa ko ya nufi gona, ba shi da lokacin duba littattafan yara balle shirya darasin gobe. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga kuma alkawuran da aka yi. A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu koyarwa a karkara, da ƙarin shekarun aiki. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Albashin na musamman kuwa, malamai da dama har yanzu jin sa suke yi a rediyo. Alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin alkawarin illa, domin yana koya wa ma'aikaci cewa maganar shugabansa ba abin riƙewa ba ce.

Sai maganar tabbacin aiki, wadda ita ce ta fi sarƙaƙiya. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ake bukata ba, ta kuma sallame su. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Ba wanda zai yarda a damƙa ɗansa ga wanda bai iya karatu ba, kuma tabbacin aiki bai zama mafakar rago ko jahili ba. Amma akwai tambayoyin da kora ba ta amsa. Wa ya ɗauke su aiki tun farko? Wace kwalejin ilimi ce ta ba su takardar shaidar malanta ta NCE? Shekara nawa suka yi suna koyarwa ba a tura su bita ko sau ɗaya ba? Waɗanda suka tsira daga korar ma ba su tsira da natsuwa ba. Ma'aikacin da ke aiki cikin fargaba yakan yi iya abin da zai hana a kama shi da laifi: ya sa hannu a rajista, ya cika takardu, ya yi shiru da matsalolin ajinsa don kada a ce shi ne ya gaza. Tsoro yana iya kawo mutum makaranta ƙarfe bakwai da rabi, amma ba ya sa shi ya tsaya bayan an tashi don yaron da ya kasa gane lissafi.

A makarantun kuɗi abin ya fi haka muni. Malamai da yawa ba su da takardar kama aiki, duk da dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Wasu ba a biyan su lokacin hutu, kuma da aka rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, da yawa sun yi watanni ba ko sisi. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Malamin da ke irin wannan wuri kullum kunnensa na waje yana sauraron inda ake ɗaukar aiki, yara kuma su canza malami biyu ko uku a shekara ɗaya.

To amma ko an biya albashi an ba da tabbaci, da sauran aiki. A shekarar 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya wallafa binciken da ya yi da abokan aikinsa a kan injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Ya gano cewa ƙarancin albashi da mummunan yanayin aiki suna ɓata wa ma'aikaci rai, amma gyara su kaɗai ba ya sa ya ƙaunaci aikin. Abin da ke sa shi ƙwazo shi ne ya ga amfanin guminsa, a yaba masa, a ba shi amana, ya ga hanyar ci gaba a gabansa. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan ra'ayi, amma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin hedimasta na gari ya san akwai gaskiya a ciki. Hedimastan da ke shiga aji ya zauna ya ga darasi, ya kira malami gefe ya gyara masa ba a gaban yara ba, ya tsaya masa idan wani uba ya zo da faɗa, ya lura idan matarsa na asibiti, wannan malamansa ba sa jiran a tsare su kafin su yi aiki. Irin wannan goyon baya ba ya bukatar kasafin kuɗi. Abin baƙin ciki, sau da yawa jami'in sa ido yakan zo ne neman laifi, ƙarin girma ya tsaya a takarda shekara da shekaru ba a gani a albashi ba, canjin wurin aiki kuma ya zama bulalar horar da wanda ba shi da uwa a gindin murhu.

Saboda haka muna kira ga gwamnonin jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi su biya malamin firamare cikakken albashinsa a ƙarshen kowane wata, su biya bashin ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su riƙa horar da malami kafin su jarraba shi, wanda ya kasa a ba shi damar gyarawa, sannan a hukunta wanda ya ƙi. Masu makarantun kuɗi su ba malamansu takardar kama aiki. Ku kuma iyaye, ku leƙa makarantar 'ya'yanku a wannan zangon, ku gaisa da malaminsu, ku tambaye shi abin da ajinsa ke bukata.