Sa hannu ta waya: Nauyin da doka ta ɗora wa manomin Kuta

A kasuwar Kuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja, cinikin doya ya daɗe yana ƙarewa da musafaha a gaban shaidu, idan kuma bashi ne a dangwala yatsa a takarda. Yanzu rancen noma da buɗe asusun banki suna komawa kan waya, inda lambar sirri da aka turo ta saƙo ke zama a madadin sa hannu.

A dokance wannan ba sabon abu ba ne. Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da sa hannu na lantarki, gyaran da aka yi mata a 2023 kuma ya ƙara fayyace matsayinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 17 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015: idan aka yi jayayya, wanda ya musanta sa hannun shi ne zai tabbatar wa kotu cewa ba nasa ba ne.

Ga ɗan kasuwar Legas mai lauya, wannan ƙila ba wani nauyi ba ne. Ga manomin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensa zuwa Kuta, ya bar waya da layinsa a baya, lamarin daban ne. Duk wanda layin ya faɗa hannunsa zai iya karɓar lambar ya amince da rance da sunansa. Ko ba gudun hijira, da yawa sukan miƙa wayar ga mai POS ko wani yaro ya danna musu, domin sharuɗɗan da Turanci suke. Na'ura ta shaida cewa layin ne ya amsa. Ba ta san hannun da ke riƙe da shi ba. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ko tarar Naira miliyan 10 ga mai jabun sa hannu, amma sai an kama shi tukuna.

Mai ba da rancen ma bai tsira ba. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar da aka ciro daga kwamfuta ba ta karɓuwa sai an cika sharuɗɗan sashe na 84.

Tarayyar Turai, a dokarta ta 2014, ta kasa sa hannun gida uku, mafi ƙarfinsu kaɗai aka daidaita da na alƙalami. Najeriya na da tubalin yin haka, tunda BVN da NIN duk suna ɗauke da zanen yatsa, amma tantance yatsa na buƙatar na'ura da sabis mai ƙarfi, abin da ƙauyukan Shiroro ke ƙaranci duk da madatsar lantarkin da ke ƙasarsu.

Wasiyya, aure, saki da takardun haihuwa da mutuwa dai dokar 2015 ta keɓe su daga wannan tsari.