Kifin Da Ba Ya Son Abokin Zama



Akwatunan gilashi na kifin ado sun fara shigowa ɗakunanmu, har da mu nan Achika. Maigida zai je Kano ya dawo da kifi guda a leda, ja ko shuɗi, jelarsa na jan ƙasa kamar mayafin amarya. Kwana biyu sai yara su fara: "Umma, shi kaɗai ne fa, a samo masa aboki." Ke ma tausayi ya kama ki. To, dakata tukuna.

Sunan kifin nan beta. Asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake rayuwa a fadamun shinkafa da ruwa marar gudu, kuma a 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Can an daɗe ana haɗa mazansa faɗa. Maza biyu a akwati ɗaya daidai suke da zakaru biyu a akurki, sai ɗaya ya yayyage ɗaya. Macen ma ba ta tsira ba, in ba lokacin ƙwai ba ne korarta yake yi. Kaɗaicin da kike tausaya masa shi ne jin daɗinsa.

Duba girman akwatinki. Idan bai kai lita 20 ba, wato kusan jarka ɗaya ta mai ruwa, magana ta ƙare: ɗakin mutum ɗaya ne. Idan ya kai lita 40 ko fiye, ana iya haɗa shi da ƙananan kifaye masu sanyin hali irin su tetra, shida ko sama da haka, don su a garke suke zama. Sai dai a nan wuta ke shiga lissafi. Beta yana iya ɗago baki ya shaƙi iska a saman ruwa, shi ya sa ko an ɗauke wuta kwana biyu yana nan da ransa. Tetra kuwa sai da injin tace ruwa yana aiki. Kin fi ni sanin wutar unguwarku. Gufi mai doguwar jela kala-kala kuma, kallon abokin gaba yake yi masa.

Yaranmu dai ba shago za su je neman aboki ba, Kogin Wudil na kusa, kududdufai na bayan gida. Za su shigo miki da 'yar karfasa ko ɗan tarwada a gwangwani. Karfasa za ta tsittsinke masa jela. Tarwada kuma saurin girma gare ta, duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, kuma da dare take farauta. Wata safiya za ki tarar da kifi ɗaya a akwati, amma ba wanda aka saya ba.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya sa na ɗauko batun a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne dodon koɗi. Idan kika bincika a intanet za a ce miki shi ne abokin zaman da ya fi dacewa da beta, ba ya faɗa, yana kuma share gansakuka. Gaskiya ne, amma su na shago suke nufi. Ƙananan dodannin koɗi na kogunanmu da magudanan noman rani su ne masaukin tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, daga nan shi kuma ya riƙa sako wasu 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani, mako da makonni. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Yanzu ki auna: dodon koɗi ɗaya mai ɗauke da ita a cikin lita 20 na ruwa, a tsakiyar falo, ga hannun yaro yana shiga safe da yamma. Shi kansa ɗan da ya tsoma ƙafa a kogi don ya ɗebo shi ya riga ya shiga haɗarin.

Alamarta ba ta fitowa nan take, sai bayan wata biyu zuwa uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yau akwai gidajen da ake ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba girma ba ne, ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara, ya ƙarar da jinin yaro. A kai shi asibiti a gwada fitsari. Maganinta, praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro ko tsayinsa. Ciyawar kogi ma kada ta shiga akwatin, 'yan ƙananan suna ɓuya a cikinta. Duwatsu kuwa a tafasa su tukuna.

To me za ki ce wa mai ƙorafi? Ba shi aiki. Ya samo ƙaramin tulu ko tsingaro marar kaifi, a wanke tas a sa masa ya zama ɗakin ɓuya. Ya riƙa ba shi ƙwayar abinci uku ko huɗu sau biyu a rana, kada ya wuce haka. Wani lokaci ya kara masa madubi na minti ɗaya, ya ga yadda zai buɗe fuka-fuki yana hura hanci. Ki rufe saman akwatin don beta na tsalle, kuma da hunturu ki janye shi daga bakin taga, ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 yake so.

Canjin ruwa aikin babba ne, ba na ɗan ƙasa da shekara 5 ba. In kina da yanka a hannu ki ɗaura leda, a ware masa bokitinsa daban da na wanke-wanke, in an gama kowa ya wanke hannu da sabulu.