Dashen ɓargo: uzurin «ba a samu wanda ya dace ba» ya fara ƙarewa

A asibitocin Amurka da ke dashen ɓargo, akwai wata magana da iyalan baƙar fata suka fi kowa jin ta daga bakin likita: an duba kundi, ba a samu wanda ya dace ba. Hukumar NMDP, wadda ke riƙe da kundin masu ba da ɓargo na ƙasar, ta daɗe tana wallafa alƙaluman. Cikin majinyata farar fata 100, kimanin 79 kan samu wani bare da ɓargonsa ya yi daidai da nasu. Cikin baƙaƙe 100 kuwa, 29 ne kawai. A Ingila ma haka abin yake, inda ƙungiyar Anthony Nolan ta ba da kashi 72 ga Turawa, kashi 37 ga sauran jinsuna. Ga mai sankarar jini da magani ya daina yi masa aiki, wannan tazara ita ce tsakanin komawa gida da shiga kushewa.

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Idan ya lalace, ko dai saboda sankara ko saboda ciwon gado irin sikila, likitoci kan kashe shi da magani mai ƙarfi, sannan su zuba wa majinyaci ƙwayoyin ɓargon wani ta jijiya, kamar yadda ake ƙarin jini. Sai dai dacewar da ake nema a nan ba ta rukunin jini ba ce. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin kowane mutum da ake kira HLA, waɗanda da su ne jiki ke gane nasa da baƙo. Rabi daga uwa ake gadonsu, rabi daga uba. Kowane ɗan'uwa shaƙiƙi yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa, kuma a Amurka kusan kashi 70 na majinyata ba sa samu a cikin gida, sai an fita nema a kundi. Idan aka yi dashen ba tare da dacewa ba, sabon ɓargon kan juya ya kai wa fata, hanta da hanjin mai jinya farmaki, wani lokaci har ajali.

Bayanin da aka saba bayarwa kan tazarar yana da gaskiya a cikinsa. Mutanen Afirka da zuriyarsu sun fi kowa a duniya yawan nau'o'in HLA, don haka samun mutum biyu masu alama ɗaya ya fi wuya a cikinsu. Ga shi kuma sunaye fiye da miliyan 40 da ke kundayen duniya galibinsu an tara su ne a Turai da Arewacin Amurka. Shekara da shekaru ana maimaita wannan bayani, har ya zama kamar ƙaddara ce da babu hannun kowa a ciki.

Amma akwai ciwo guda da ya tona asirin wannan magana, wato sankarar ɓargo da ake kira miyeloma. Tana kama baƙaƙen Amurka ninki biyu na yadda take kama farare. Dashen da ake yi mata ba ya buƙatar kowa: ƙwayoyin majinyacin da kansa ake tara wa, a ajiye, a ba shi magani, a mayar masa da abinsa. Babu kundi, babu HLA, babu jiran bare. Duk da haka bincike bayan bincike ya nuna baƙaƙe sun fi ƙarancin samun wannan dashe, kuma sun fi daɗewa kafin a kai su gare shi. A 2019 an wallafa wani nazari kan asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, inda kowa ke samun magani ta hanya ɗaya ba tare da duba aljihu ba. A can, baƙaƙe masu miyeloma sun rayu daidai da farare, waɗanda ba su kai shekara 65 ba ma sun fi su daɗewa. Ke nan jinin ba shi da laifi.

Laifin yana wurin da ba a son dubawa. Likitan farko ne ke yanke shawarar tura majinyaci babbar cibiya ko barinsa. Inshora ce ke cewa za ta biya ko ba za ta biya ba. Cibiyoyin dashe kan buƙaci majinyaci ya zauna kusa da asibiti wajen kwana 100, da wani ɗan'uwa da zai ajiye aikinsa ya yi jinya dare da rana, kuma wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba shi da irin wannan ɗan'uwa. Sai kuma rashin yarda, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙe a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda ciwon zai ci su. Jikokinsu ne yau ake roƙo su kawo yawu a rubuta su a kundi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ko uzurin HLA ɗin ma kimiyya ta fara rushe shi. Likitocin Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore sun gano cewa idan aka ba majinyaci wani tsohon magani mai suna cyclophosphamide a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe, yana kashe ƙwayoyin da ke shirin kai farmaki, ya bar masu amfani. Maganin yana kasuwa tun ƙarshen shekarun 1950, kuma ba ya cikin masu tsada. Da shi ana iya karɓar ɓargo daga wanda ya dace rabi kawai: uwa, uba, ɗa, ko ɗan'uwa. Ana kuma iya karɓa daga baren da bai dace sarai ba. A wani gwaji da NMDP ta wallafa a 2021, kusan rabin majinyata 80 da suka shiga ƴan tsirarun jinsuna ne, kuma kusan uku cikin huɗu suna raye bayan shekara guda. Yau da wuya a samu majinyacin da za a ce ba shi da mai ba shi ko ɗaya. Duk cibiyar da tazarar launin fata ta ci gaba a cikinta, sai ta nemi wani bayanin.

Wannan muhawara ta Amurka ta shafi Maraɗi da Damagaram kai tsaye, saboda sikila, wadda aka fi sani a nan da emasi. Masu ita a Amurka kimanin 100,000 ne. A duniya kuwa, an ƙiyasta jarirai fiye da 500,000 aka haifa da ita a 2021, kusan huɗu cikin biyar a Afirka kudu da Sahara. Tun 1984 aka san dashen ɓargo na raba mutum da ita, bayan da aka yi wa wata yarinya dashe a Amurka saboda sankarar jini, sikilarta ma ta tafi. Idan yaro ya samu ɗan'uwa shaƙiƙi da ya dace, fiye da 90 cikin 100 kan warke. A Disamban 2023 Amurka ta amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin majinyaci da kansa, aka sa masa farashin dala miliyan 2.2, wato sama da miliyar ɗaya na CFA ga mutum guda. Magani yana can, masu ciwo suna nan.

Wasu ƙasashen nahiyar ba su tsaya jira ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a Najeriya ya yi dashensa na farko ga mai sikila a 2011. A 2012 aka buɗe kundin masu ba da ɓargo a Enugu, da ƙoƙarin Seun Adebiyi, wani matashin lauya ɗan asalin Najeriya da ya sha wuyar neman mai ba shi a Amurka lokacin da sankarar jini ta kama shi. Tanzaniya ta fara a asibitin Benjamin Mkapa na Dodoma a 2023, Legas ta biyo baya a 2024. Adadin waɗanda aka yi wa kaɗan ne ƙwarai, amma an daina cewa ba zai yiwu ba.

Nijar ma tana da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Gidajen ƙasar nan gidajen yawa ne. Yaron da ke da shaƙiƙai biyar, lissafi ya ba shi kusan uku cikin huɗu na samun wanda ya dace, kafin a cire waɗanda su ma suke da ciwon. Mai AS yana iya bayarwa. Ƴan uba ba za su dace sarai ba, amma da sabuwar hanyar wasunsu ma sun shiga lissafi. Matsalar da ta addabi baƙin Amurka, ta rashin mai bayarwa, ba ita ce babba a nan ba. Wanda zai bayar yana tsakar gida yana wasa da mai ciwon. Abin da babu shi ne awon da zai nuna shi, da ɗakin da za a yi aikin.

Wannan ba kira ba ne na a sayar da gona a kama hanyar Indiya. Dashe yana kashewa, yana iya hana haihuwa, kuma wanda aka yi wa yana buƙatar kulawar watanni bayan ya dawo, a wurin da ake da tsabtataccen jini da maganin ƙwayoyin cuta. Ƙasar da yara ke mutuwa da emasi tun ba a gane ciwonsu ba, dole ta fara da awon jarirai, rigakafi, penisilin, hydroxyurea mai araha da bankin jini da ba ya yankewa. Amma a kan wannan tubalin ne dashen ma yake tsayawa, don haka ba za a fake da ɗaya a jingine ɗaya ba.

Ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta fara da abin da ke hannunta. A samar wa Cibiyar Ƙasa ta Emasi da ke Yamai hanyar awon HLA, ko da ta aika samfur waje ce, don iyali su san matsayinsu kafin su kashe ko dala. A tura likitocin jini da ma'aikatan jinya horo a cibiyoyin Afirka da suka riga suka fara. Sannan a bayyana wa jama'a ƙa'idar da ake bi wajen zaɓen waɗanda gwamnati ke kai wa jinya waje, da adadin masu emasi a cikinsu kowace shekara, jiha jiha.