Kafin ka yarda da agogon da ya ce jininka lafiya lau

Kwanakin baya na je gaida kawuna, wanda ya shekara shida yana shan maganin hawan jini. Muna cikin hira ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya ce, "Kai da ka san kan waɗannan abubuwa, duba abin da ƙaninka ya sayo mini." Agogo ne irin waɗanda ake tallatawa a WhatsApp, mai araha, mai allo mai sheƙi. Ya danna, bayan daƙiƙa talatin ya nuna 121/79. Kawu ya ce kullum haka yake gani, don haka ya kwana goma bai sha magani ba.

Na ce, "Kawu, ara mini shi." Na ɗaura agogon a jikin gorar ruwa, na danna. Gorar ma ta samu 118/77. Da yamma muka je kemis aka ɗaura masa na'urar dantse, ta nuna 168/102.

Ra'ayina ke nan tun daga farko: agogo ko zobe ko abin hannu da ke auna hawan jini ba tare da matse dantse ba fasaha ce mai kyakkyawar makoma, amma a yau bai kamata kowa ya fara magani, ko ya rage, ko ya daina, saboda lambar da ya gani a jikinsa ba. Wannan ya shafi na araha, ya kuma shafi na manyan kamfanoni, duk da cewa dalilan sun bambanta.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Na'urar asibiti da muka saba da ita tsohuwar dabara ce. Likitan Italiya Riva-Rocci ne ya fito da maɗaurin dantse mai iska a 1896, sannan a 1905 likitan Rasha Korotkoff ya gano sautin da ake saurara da abin kunne. Ana hura iska har jijiya ta toshe, sai a saki a hankali a ga a wane matsi jini ya fara wucewa. Wato ana gwada ƙarfin jinin da wani ƙarfi da aka san adadinsa. Na'urorin gida masu batir ma a kan wannan tushe suke, sai dai maimakon kunnen likita, suna karanta girgizar da bugun jijiya ke yi a cikin maɗaurin.

Agogon zamani ba ya matse komai. A bayansa akwai 'yar fitila, galibi koriya, da wani ɗan ido mai karɓar haske. Fitilar tana haska fata, idon yana auna hasken da ya dawo. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a ƙananan jijiyoyi, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Wannan dabara ake kira PPG, kuma ta iya ƙidaya bugun zuciya sosai. Amma ba ta ganin matsin jini. Abin da manhaja ke yi shi ne ta dubi siffar igiyar bugun, ko ta lissafa lokacin da bugun ya ɗauka daga zuciya zuwa wuyan hannu, sannan ta yi hasashe. Saboda haka ne masu inganci daga cikinsu suke buƙatar saiti: ka auna da na'urar dantse, ka shigar da lambar, agogon ya riƙe ta a matsayin mafari. Samsung, wanda hukumar magunguna ta Koriya ta Kudu ta amince wa da wannan manhaja a Afrilun 2020, yana buƙatar a sake wannan saiti duk bayan mako huɗu.

A nan ne aikina na rubuta manhaja ya sa nake da shakku. A ce ka ba ni lambar saitinka, 135/85. Cikin minti goma zan rubuta maka manhajar da ba ta karanta komai daga jikinka, kawai duk lokacin da ka danna ta ɗauki 135 ta ƙara uku ko ta rage huɗu. Idan ka zauna a kujera ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, ka kwatanta ta da na'urar dantse, za ka rantse tana aiki, domin jinin mutum a zaune cikin natsuwa ba ya nisa da inda yake jiya. Ranar da za ta ci amanarka ita ce ranar da jininka ya hau da gaske, wato ranar da ka saye ta dominta. Don haka tambayar da ta dace a yi wa kowace irin wannan na'ura ita ce: idan jini ya motsa daga inda aka saita ta, tana bin sa?

An yi wannan gwaji. Sashen bincike na Microsoft ya gudanar da wani aiki mai suna Aurora, inda aka tattara bayanai daga mutum 1,125, aka fitar da sakamakon a 2022. Sun gwada hasashen da ake yi daga siffar bugu da lokacin isowarsa, suka kwatanta da lissafi mai sauƙi wanda bai dogara da waɗannan siginoni ba. Abin da ya fito shi ne hasashen bai yi wa lissafin nan mai sauƙi wani fifiko na a zo a gani ba. A shekarar 2022 ɗin dai, masu bincike a Beljiyam sun gwada Galaxy Watch Active2 da na'urar awa 24, suka ga lambobinsa suna karkata zuwa wurin saiti: idan jini ya yi ƙasa ya nuna sama da gaskiya, idan ya hau ya nuna ƙasa da gaskiya. A 2023 wani bincike a Ostireliya ya gwada abin hannun kamfanin Aktiia na Suwizalan, ya ga bai bi saukar jinin da ke faruwa da dare yadda ya kamata ba, kuma bai bi sauyin da ƙarin magani ya kawo ba.

Ƙungiyoyin likitoci ma a nan suka tsaya. Ƙungiyar Turai ta masana hawan jini ta fitar da matsaya a 2022 cewa ba ta ba da shawarar a yi amfani da waɗannan na'urori wajen gano cutar ko kula da ita ba. Sabon jagoran da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a Agustan 2025 ya maimaita cewa a guji dogaro da su har sai sun nuna inganci fiye da haka. Wani ɓangare na matsalar shi ne ƙa'idar gwaji da aka daɗe ana bi, ISO 81060-2, don na'urar dantse aka tsara ta. Tana neman aƙalla mutum 85, kuma matsakaicin bambanci da awon ƙwararru kada ya wuce 5 mmHg. Ana gwajin ne mutum na zaune. Manhajar ƙaryar da na kwatanta a sama za ta iya yin kyau a irin wannan jarrabawa idan an saita ta jim kaɗan kafin a fara.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu baƙar fata. Sinadarin da ke ba fata launi yana shanye haske, musamman kore, don haka siginar da ke komawa idon agogo takan yi rauni. Mun ga irin wannan a wata na'urar mai aiki da haske. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun wallafa cewa na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta kasa gano ƙarancin iskar a jinin baƙaƙen fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da fararen fata. Duk wanda ya taɓa horar da manhaja da bayanai ya san ba ta iya abin da ba a nuna mata ba. Kafin na yarda da agogo a hannun kawuna, ina so in ga an gwada shi a kan mutane masu irin fatarsa da shekarunsa.

Masu goyon bayan fasahar suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ciwo ne marar sallama: mutum yana harkokinsa har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko ƙoda ta gaza. Awo ɗaya a asibiti ma yana iya yaudara. Wani jininsa yana hawa ne don ya ga likita, wani kuma a asibiti yana daidai amma a gida da dare yana sama. Na'urar awa 24 da ke magance wannan tana matse dantse duk bayan minti 15 zuwa 30, har cikin barci, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Abin hannu da zai bi jinin mutum dare da rana ba tare da ya tashe shi ba zai zama babbar ni'ima. Ana kuma samun ci gaba: a Yulin 2025 hukumar FDA ta Amurka ta ba Aktiia izinin sayar da abin hannunsa mai suna Hilo ba tare da takardar likita ba. Sai dai shi ma da na'urar dantse yake zuwa, don a riƙa saita shi.

Hanyar da Apple ya bi ita ce ta fi kwanta mini a rai. A Satumbar 2025 ya fito da sanarwar hawan jini a agogonsa, kuma bai nuna lamba ko ɗaya ba. Agogon yana nazarin bayanan kwana 30, idan ya ga alamar hawan jini sai ya ce ka samo na'urar dantse ka auna na kwana bakwai ka kai wa likita. Alƙaluman kamfanin da kansa sun nuna yana gano kusan kashi 41 cikin 100 na masu ciwon. Wato fiye da rabi ba za su samu sanarwa ba, don haka shirun agogon ba shaidar lafiya ba ce. Kuma ba a yi shi don masu ciki, ko 'yan ƙasa da shekara 22, ko waɗanda aka riga aka gano suna da ciwon ba. Duk da haka na fi girmama na'urar da ta san iyakarta, ta tura ka wurin awo na gaske, a kan wadda za ta ba ka 121/79 da cikakken tabbaci.

A lura kuma da wani rukuni da ake yawan haɗawa da waɗannan. Omron HeartGuide da Huawei Watch D agogo ne, amma a cikin maɗaurinsu akwai jakar iska da ɗan famfo, suna matse wuyan hannu da gaske. Dabarar tsohuwa ce aka ƙanƙanta ta. Suna da nasu sharaɗin, dole hannu ya kasance daidai da zuciya lokacin awo, amma ba hasashe daga haske suke yi ba.

Su kuwa agogunan araha marasa sunan kamfani, waɗanda ba sa neman saiti, wasu ma har suna cewa suna auna sukari, ba su cikin wannan muhawara kwata-kwata. A Fabrairun 2024 FDA ta yi gargaɗi cewa ba ta amince wa wani agogo ko zobe ya auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Idan agogonka ya yi wannan iƙirari, ka san irin gaskiyar da ke cikin sauran lambobinsa. Gwajin gorar ruwa kyauta ne, ka yi shi yau. Kirana ga 'yan'uwa masu sayar da kayan waya da masu tallata su a intanet shi ne su daina sa "yana auna hawan jini" a cikin talla. Wanda zai saya wa mahaifiyarsa da zuciya ɗaya yake saye, kuma idan ta ajiye magani saboda wannan lamba, akwai alhaki a wuyan wanda ya yi tallar.

Idan kana da kuɗin da za ka kashe saboda lafiyar iyayenka, sayi na'urar dantse mai batir wadda aka tantance. Shafin STRIDE BP yana da jerin waɗanda suka ci jarrabawa, ka duba lambar samfurin kafin ka biya. Ka tabbatar maɗaurin ya yi daidai da kaurin dantsen, domin ƙarami a hannu mai kauri yana ƙara lamba. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Kada a ci goro, ko a sha kofi ko taba, rabin awa kafin awo. A auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, na kwana bakwai, a rubuta a littafi. Idan matsakaicin ya kai 135/85 a gida, a kai wa likita littafin. Idan ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko dishi-dishin gani, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu, asibiti za a nufa nan take. Mai ciki kuwa kada ta yi wasa da zuwa awo, domin hawan jinin ciki yana iya kaiwa ga jijjiga.

Kawu ya koma shan maganinsa, kuma yanzu akwai na'urar dantse da ɗan littafi a kan teburinsa. Agogon yana nan a hannunsa, yana duba lokacin salla da shi yana ƙirga takunsa zuwa masallaci. Ranar da aka samu abin hannu da ya nuna, a gwajin da ba kamfaninsa ya shirya ba, cewa yana bin hawa da saukar jini dare da rana a kan fata irin tamu, ni ne zan fara rubuta muku a saya.