Kafin A Ɗauki Buroshi A Gangare

A shekarar 2010 wasu masu zane biyu 'yan ƙasar Holan, Jeroen Koolhaas da Dre Urhahn, suka shiga Santa Marta, unguwar talakawa da ke maƙale a jikin dutse a birnin Riyo na ƙasar Burazil. Gidaje 34 da ke kewaye da dandalin unguwar aka bi da fenti, ja da rawaya da kore da shuɗi, layi-layi daga bangon wannan ya tsallaka na maƙwabci. Hotunan sun zaga duniya. Abin da hoto bai nuna ba shi ne, samarin unguwar ne suka hau tsani suka yi aikin, bayan an koya musu, kuma ana biyansu ladansu.

Haka aka yi a Las Palmitas da ke birnin Pachuca na ƙasar Meziko, inda a 2015 aka kammala fentin gidaje sama da 200 a gefen tudu. Sama da shekara guda aikin ya ci, domin sai da masu zanen suka zauna da mutanen unguwa, aka saba, kafin a buɗe gwangwanin farko.

Sai kuma Jalousie ta ƙasar Haiti. A 2013 gwamnati ta sa aka shafe gidajen wannan unguwa da launuka masu ɗaukar ido, alhali mazaunanta ba su da ruwan famfo, sai dai su saya a bokiti. Unguwar tana kallon Pétion-Ville, mazaunin masu hannu da shuni da manyan otal-otal, shi ya sa da yawa suka ce don idon baƙi aka yi. A ganina ba su yi ƙarya ba. An yi wa mai jin ƙishirwa kwalliya ne kawai.

Duk wanda ya san Jos zai ga kamar da mu ake. Ka shiga lungunan Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo ka dubi bango. Hotunan 'yan takara ne wani kan wani, ruwan damina ya jiƙa su sun zazzago, a gefe tallan maganin basir da lambar waya, a ƙasa an rubuta da gawayi cewa an hana fitsari a nan. Kwata kuwa ta cika da leda. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje. Mai son yi wa irin wannan lungu fenti, to ya fara da shebur: a yashe kwata, a toshe tsagar bango, a yi shafen siminti. Fenti a kan bangon da ke shan ruwa ba ya kai damina biyu a garin nan.

Gwaninta kuwa ba sai an yi aronta daga Riyo ba. Maginan Zariya da Kano da Damagaram sun daɗe suna ƙawata fuskar zaure da zane, kuma a nan cikin Jos, kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano. Ga kuma masu rubuta allunan shaguna da masu zanen jikin manyan motoci, waɗanda hannunsu ya faɗa, aiki kawai suke jira.

Inda Jos ta bambanta da su Riyo shi ne tabon rikici. Tun daga Satumban 2001, aka sake a 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Saboda haka abin da za a zana a bango ba ƙaramar magana ba ce. Wani ba zai yarda da surar mutum a jikin gidansa ba. Dagin Arewa, da mu muke gani ado ne, wani a bangon kan iyaka tuta zai ɗauke shi. Dole a zauna da masu unguwa da limamai da fastoci da mata, waɗanda su ke wuni a lungun, a nuna musu zanen a takarda, su ce a cire wannan a bar wancan. Zaman zai ɗauki lokaci, za a yi musu, amma rabin amfanin aikin ke nan: samarin unguwar Nasarawa da na Unguwar Rukuba, waɗanda rikici ya raba, su riƙe wa juna tsani, a biya su kuɗi iri ɗaya a rana ɗaya.

Kira nake ga ƙungiyoyin matasa da attajiran Jos ta Arewa, kada a jira babban kwangila. A zaɓi lungu ɗaya, a yashe kwatarsa kafin ruwa ya sauka, a ɗauki 'ya'yan lungun aiki, kuma kada a bari hoton ɗan takara ko ɗaya ya hau bangon.