Sukuru Ɗaya Muka Roƙa

Da mun yi niyyar yin magana a kan ajiyar hatsi a wannan wata, amma wata 'yar wuƙa ta shiga tsakani, ta cinye mana mako bakwai da kuɗin waya ba kaɗan ba. Tun da yake abin da ya same mu yana iya samun kowane magidanci, bari mu bar rumbu sai wata mai zuwa.

Wuƙar irin ta aljihu ce, mai naɗewa. Da ita muke auren mangwaro, muke yanka igiya, muke feƙe wa yara fensir. A gefenta akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai kama bakin aljihu, kamar na murfin alƙalami. Bari mu kira shi maƙali. Sukuru uku ke riƙe da shi, kan kowannensu bai fi ƙwayar dawa ba.

Iyayenmu ba su san wannan damuwa ba. Wuƙarsu tana cikin kube, in ɗinki ya kwance a koma wurin baduku ran kasuwa, ya gyara ana hira. Ko Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya aka maida aikinta Afirka ta Kudu a 1988, ba ta da maƙali. Jefa ta ake yi cikin aljihu kawai. Wani mutumin Amurka, Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco a jihar Kolorado, shi ya fitar da wuƙa mai maƙali a 1981, sauran maƙera kuwa suka bi sawunsa. Dabara ce mai kyau, gama wuƙa ba ta nutsewa ƙasan aljihu tare da mabuɗi da goro. Tamu dai ba ta kamfaninsa ba ce. Mun saye ta ta waya daga wani kanti a wani babban gari, aka aiko mana a mota. Ba za mu ambaci sunan kantin ba.

Ba ta yi wata biyu a hannunmu ba sai muka ji maƙalin yana motsi. Muka ce za mu duba gobe. Goben ta zama jibi, jibi ta zama mako. Ran nan da yamma muna zaune bisa tabarma, muka tashi za mu amsa sallama a ƙofar gida. Da muka komo sai muka iske uwargida a tsaye, wuƙa a hannunta, jikanmu mai rarrafe yana kuka don an ƙwace masa abin wasa. A bakinsa ta same ta. A rufe take, amma wuƙar zamani da yatsa ɗaya ake buɗe ta. Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, ko dai a gyara ta, ko ta bar gidan nan." Da muka duba, ashe sukuru ɗaya ya riga ya faɗi, ba mu san inda ya faɗi ba, sauran biyun kuma suna lilo.

Me ke kwance sukuru wanda ba wanda ya taɓa shi? Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa motsin da ke tura abu gefe da gefe ya fi saurin kwance sukuru a kan wanda ke jansa sama da ƙasa. To, rayuwar maƙali ke nan. Ka zauna, ya gogi kujera. Ka hau babur, ya sha girgiza. Ka shiga ƙofa, ya kama gefenta. Kowane turi yana juya sukuru kaɗan wanda ido ba ya gani. Ga shi kuwa ƙarfen da sukurun ya shiga siriri ne, tiredin da ya kama bai fi zagaye biyu ko uku ba. In ɗaya ya saki, nauyinsa ya koma kan 'yan'uwansa, su ma su bi shi.

Tun da akwai takardar garanti a cikin kwalin, muka rubuta wa kantin. Abin da muka roƙa sukuru ɗaya ne. Aka amsa da ladabi, "Ranka ya daɗe, a aiko da hoto." Muka aika. Bayan kwana huɗu aka ce hoto bai isa ba, a aiko da bidiyo. Muka kira autanmu ya ɗauka, muna girgiza maƙali a gaban waya kamar masu tallar haƙori mai motsi. Aka yi shiru mako guda. Da muka buga waya, wata yarinya dabam ta ɗauka, ba ta san zancen ba, muka soma daga fari. Ta ce za a kira mu. Ba a kira ba. Muka sāke bugawa, wani saurayi ya ce mai yiwuwa yadda muke amfani da ita ne. Kai! Wane irin amfani ake yi da maƙali in ba sa shi a aljihu ba? A ƙarshe aka ce mu aika da wuƙar da kuɗinmu, su kuma su aika wa maƙeranta a ƙasar waje, in an ga laifinsu ne za a gyara. Kuɗin mota kaɗai ya kusa rabin kuɗin wuƙar. Ko kuwa, in muna so, za a yi mana ragi mu sayi sabuwa.

Ba ƙin da aka yi ya fi ɓata mana rai ba. Da an ce mana ran farko, "Ba mu da sukuru, ku nema a wani wuri," da mun gode mun kama gabanmu. Abin da ke cin rai shi ne a riƙa miƙa mutum daga hannu zuwa hannu, kowa da fara'a, ba mai cewa i, ba mai cewa a'a, ana jira ya gaji. A ganinmu waɗansu kantuna da gangan suke yin haka, don sun san ba mai bin sukuru ɗaya har wata biyu sai wanda ba shi da aikin yi, ko mai rubutu a mujalla.

Amma dole mu faɗi namu laifin, tun da uwargida tana karanta wannan shafi. Na fari, a kira na biyar mun yi wa yarinyar nan tsawa, muka gaya mata maganar da ba za mu so a gaya wa 'yarmu ba. Ita kuwa ba ta ƙera wuƙa ba, ba ta da mabuɗin sito, abin da aka rubuta mata take karantawa. Na biyu ya fi muni. Muna cikin jira muka ɗauko ɗan sukundireban gyaran tabarau, mai baki ɗaya, muka danna a kan sukuru na biyu, muka murɗa da ƙarfi. Kan ya cinye. Muka ci gaba da ƙara a wurin kantin, ba mu gaya musu wannan ba. Uwargida ta ce, "Kana neman su faɗi gaskiya, kai ka faɗi taka?" Ba mu da amsa.

Wanda ya fisshe mu yaro ne mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya sa wuƙar ƙarƙashin fitilarsa, ya duba, ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan?" Muka ce mu ne. Ya yi murmushi bai ce kome ba. A wurinsa muka koyi abin da za mu ba ku yanzu.

Ku dubi ramin kan sukurun da kyau. A yawancin wuƙaƙen nan ba tsaga ɗaya ba ce, ba kuwa gicciye ba. Tauraro ne mai tsini shida, ana ce da shi Torx, wani kamfanin Amurka mai suna Camcar Textron ya fito da shi a 1967. Yana da lambobi. Na maƙali galibi T6 ne, faɗinsa bai kai milimita 2 ba, na gindin ruwan wuƙa inda take juyawa kuwa sau da dama T8 ne. Masu gyaran waya suna da T6, gama irinsa ke riƙe da tsofaffin wayoyin Nokia. In aka sa bakin da bai yi daidai ba, ko mai araha wanda ƙarfensa ke da laushi, ramin zai zama zagaye, daga nan sai wahala. A danna sosai a ƙasa, sa'an nan a juya a hankali. Namu da ya cinye, sai da yaron ya tsaga kansa da ɗan zarto kafin ya fita. Ya zazzage wata gwangwani cike da sukurori, ya gwada wajen goma kafin ya sami biyu da suka shiga. Ya kuma nuna mana abin da ba mu sani ba: in sukuru ya yi tsawo, zai fito ta ciki ya riƙa gogar ruwan wuƙa, har ya hana ta rufuwa daidai.

Ɗaurewa kaɗai ba ta isa ba, bayan mako biyu zai sāke saki. Akwai wani ruwa da ake ɗiga wa tiredi, masu sayar da kayan gyaran mota suna da shi. Wanda aka fi sani shi ne Loctite, wanda wani malamin kimiyya, Vernon Krieble na kwalejin Trinity a birnin Hartford, ya gano a 1953. Halinsa abin mamaki ne. Muddin yana shan iska ruwa ne, amma in ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda ba iska, sai ya daskare. Saboda haka ba a cika kwalbarsa, ana barin wurin iska. Kada ku koma ku ce an cuce ku, kamar yadda muka kusa yi.

Launinsa ne abin lura. Shuɗi ake so, mai lamba 242 ko 243, gama yana riƙewa amma sukundireba yana iya kwance shi wata rana. Mai launin shunayya, lamba 222, don ƙananan sukurori aka yi shi, in an samu ya yi kyau. Ja kuwa ku yi nesa da shi. Ba ya saki sai an gasa shi ya kai wajen digiri 250, wuƙa mai ƙotar roba kuwa ba za ta jure wannan ba. A fitar da sukurori, a goge su da ramukansu da sifirit don mai ya fita, a bari su bushe. A ɗiga ruwan a kan takarda, a taɓa da tsinken sakace, a shafa wa tiredi kaɗan. Kada a matsa kwalba a kan wuƙa, gama in ya gangara cikin majuyi ko makulli wuƙar za ta ƙage, yana kuma ɓata waɗansu irin roba. A sa dukan sukurori sako-sako tukuna, a daidaita maƙali, sa'an nan a ɗaure su bi da bi. Da ya tsaya a ƙara ɗan kaɗan a bari. A ajiye ta sa'a 24 kafin ta koma aljihu. In ba a sami ruwan ba, ɗigon jan farce yana taimako, ko da yake bai kai shi ba. Gam mai kamawa nan take kuwa kada a sa.

Wani lokaci sukurori lafiyarsu lau, maƙalin ne ya buɗe baki don ya kama wani abu. Wannan sai a cire shi, a naɗe shi da tsumma, a lanƙwasa kaɗan da filaya, a gwada. Kada a lanƙwasa shi yana jikin wuƙa, za a cinye tiredi. In tiredin ya riga ya cinye, a duba ko akwai waɗansu ramuka a ɗaya gefen ko ɗaya ƙarshen, gama wuƙaƙe da yawa suna da su. In babu, a cire maƙalin ɗungum. Wuƙa marar maƙali a ƙasan aljihu ta fi mai maƙalin da ba ya riƙo, tun ba a gidan da ke da yara ba. Abu ɗaya kuma: waɗansu kamfanoni suna soke garanti in an warware wuƙa duka, don haka a tsaya a kan maƙali, kada a buɗe cikinta.

Wuƙa ta gyaru, amma zancenmu da kantin bai ƙare ba. Muka zauna muka rubuta wasiƙa ta ƙarshe, layi takwas. Muka sa ranar saye, da lambar rasit, da ranar da muka fara ƙara. Muka faɗi cewa sukuru ɗaya ya faɗi da kansa, na biyu mu muka ɓata shi, ba ma neman kome a kansa. Muka roƙi gafarar yarinyar da muka yi wa tsawa. Muka ce abu ɗaya muke nema, muna jira kwana 14. Muka kuma ambaci cewa a Nijeriya akwai dokar 2018 ta kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta kafa hukumar da ake kira FCCPC, ta kuma ba mai saye iko ya maida kaya mai aibi. Ba mu yi barazana ba, mun ambata ne kawai. Da wannan wasiƙa muka fara tun ran farko, maimakon kiran waya wanda ba ya barin shaida, mai yiwuwa da ba a kai mako bakwai ba. Ku riƙa ajiye rasit. Namu a cikin kwalin shayi muka same shi bayan neman kwana biyu.

Ko ambaton hukuma ne ya yi aiki, ko roƙon gafara, ba za mu iya rabewa ba. A rana ta tara direban mota ya kira mu tasha, ya miƙo mana 'yar ambulan. A ciki akwai sabon maƙali da sukuru uku, da guntuwar takarda da rubutun hannu, "Ba kome, Baba." Muka komo gida da murna, muka shimfiɗa farin ƙyalle, muka gwada. Maƙalin na wata wuƙa ce dabam, ramukansa ba su hau namu ba, sukurorin kuma sun yi tsawo. Mun kai wa yaron mai gyaran waya ya zuba a gwangwaninsa. Wuƙar kuwa, uwargida ta kafa doka: da mun shigo gida, sai ta hau kan kabad.