Ra'ayinmu: A Gyara Aikin Malanta Tare Da Malamai

A shekarar 1976, da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, yara sun yi dafifi zuwa makarantu fiye da yadda aka zata, malamai kuwa suka yi ƙaranci. Sai aka shiga horar da su a gaggauce, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin malami ya ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba. Lalle an yi dabara. Amma al'adar da ta kafu daga baya ita ce ta bita: a tara malamai kwana uku a babban ɗakin taro, wani masani da ya daɗe bai riƙe alli ba ya yi musu lacca, a raba alawus, kowa ya kama gabansa. Ran Litinin malam ya koma wa ajinsa mai cunkoso, babu wanda zai leƙo ya ga ko abin ya zauna.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, fiye da 21,000 suka kasa, aka sallame su. Ba mu ce a bar wanda bai iya ba yana ɓata 'ya'yan talakawa. Amma fa a tambaya: wa ya ɗauke su, wa kuma ya bar su shekara da shekaru babu mai jan hannunsu?

Akwai wata hanya. A Japan malaman makaranta ɗaya kan zauna su tsara darasi tare, ɗayansu ya koyar, sauran suna tsaye suna lura da yadda yara ke fahimta, sa'an nan su koma su tattauna inda aka yi tuntuɓe. Sau da yawa sukan gayyato masani daga waje, amma shawara ce tasa, darasin na malamai ne. Wannan ba ya bukatar otal, lokaci yake bukata da amincewa.

To, ina jami'o'inmu da kwalejojin ilmi? Galibi ba a ganin malamansu a firamare sai lokacin gwajin koyarwa, su ba ɗalibi maki su tafi, alhali kuwa tsohon malamin ajin, wanda ya san abin da ke hana yaro gane rabawa, ko tambayarsa ba a yi.

Saboda haka muna kira ga kowace tsangayar ilmi ta ƙulla zumunci da makarantun da ke maƙwabtaka da ita. Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka shiga ma'aikatun ilmi, ku sa a ware wa malamai sa'o'in wannan zama a cikin jadawalin mako, a kuma lissafa shi wajen ƙarin girma. Mu ma da yawanmu aji za a tura mu lokacin bautar ƙasa, kuma gara mu tarar da waɗanda za su zauna da mu a kan darasi.